Abin da Akwatin Ya Ajiye Wa Hajara

Duk wanda ya ce maka intanet ɗin Nassarawa GRA na gudu, to dogayen katangun unguwar ya kalla, bai shiga ciki ba. A garejin Hajiya Rukayya dai, sai ka danna shafi, ka je ka yi alwala, ka dawo ka tarar yana nan yana ta juyi. Hajiyar tsohuwar shugabar makaranta ce. Da ta yi ritaya sai ta mai da garejinta ɗakin karatu na kyauta, ta zuba kwamfuta shida, ta ɗauki wani matashi mai suna Abdulbaqi ya kula da wurin. Data ta wata guda take saya, amma datar ba ta taɓa ganin sha biyu ga wata ba. Daga nan sai a zauna ana kallon juna har wani watan ya kama.

Abdulbaqi ne ya samo dabara, kuma in za a faɗi gaskiya yaron yana da kai. Wata tsohuwar kwamfuta ya tayar, ya tura ta ƙarƙashin teburinsa, ya haɗa sauran shidan da ita. Wanda ya fara buɗe shafi, daga waje ake ɗauko masa, sai ita ta ajiye kwafinsa. Na biyu da na goma duk kwafin ake miƙa musu, ba a taɓa data ba. Mutane suka sa mata suna akwati.

"Kamar randa ce, Hajiya," in ji shi. "A je rijiya sau ɗaya, kowa ya sha a gida."

Da farko kwana ɗaya akwatin ke riƙe shafi, sannan ya zubar ya ɗebo sabo. Da data ta yi tsada Hajiya ta koma sayen rabi, sai Abdulbaqi ya mai da kwana ɗayan kwana talatin. Ya ƙara da wata hikimar: duk shafin da aka sake buɗewa, lissafin kwanakinsa ya koma farko, tunda alama ce ana son sa. Ya ware shafukan labarai da na sakamakon jarrabawa ya ce su kullum a ɗebo sabo. Waɗanda ya tuna da su ke nan. A watan nan data ta kai har ashirin da takwas, shi kuwa tafiyarsa ma ta canza, sai ka rantse shi ya ƙirƙiro intanet ɗin.

Cikin masu zuwa akwai Hajara, 'yar unguwar Gama. Ta gama makarantar koyon aikin lafiya shekara tara da suka wuce, takardarta na nan cikin leda a ƙasan adaka ba ta taɓa yi mata rana ba. Jinyar wani dattijo take yi a gidan da ke maƙwabtaka, mai shanyewar ɓarin jiki: ta juya shi, ta ba shi magani, ta wanke abin da ya ɓata. A bana wata hukumar lafiya ta buɗe ɗaukar ma'aikata, Hajara ta cike. Sanarwar ta ce ban da wanda ya haura talatin da biyar, ita kuwa a watan Disamba za ta cika talatin da shida. Wannan ne karonta na ƙarshe, kuma ta sani. An ce a shafin hukumar kaɗai za a saki sunaye, wayarta kuwa ƙarama ce mai tocila, ba ta san wani abu intanet ba.

Kullum bayan azahar, da dattijon ya samu barci, sai ga ta da hijabinta ruwan toka tana ƙamshin detol. Kwamfuta ta huɗu take zama. Ta danna, shafin ya buɗe nan take: Ba a fitar da sunaye ba tukuna. A ci gaba da dubawa.

"Kai, Malam Abdulbaqi, Allah ya yi wa akwatin nan naka albarka. Da sai barcin Baba ya ƙare ban ga komai ba."

"Ai aikinmu ke nan, Malama Hajara. Yaya, sun fitar?"

"Tukuna. Amma tunda ba su fitar ba, ai da sauran rai."

Haka suka yi mako bakwai. Ko Asabar ba ta tsallakewa.

Wata Talata da hantsi Madam Amanda ta shigo, malamar firamare ce 'yar Zariya da ke zuwa buga takardu. Bakinta har kunne. Ta miƙa masa wata takarda ta ce kwafi uku take so, ƙanwarta ce ta samu aiki. Abdulbaqi ya yi mata barka yana ɗora takardar a kan inji, sai idonsa ya sauka a kan tambarin da ke sama.

"Madam, wannan hukumar ai ba su fitar da suna ba."

"Wa ya gaya maka? Tun watan jiya! An yi tantancewa an gama, Litinin ma za su kama aiki."

Bai san lokacin da ya fito waje ba. Ƙarƙashin darbejiyar bakin get ya tsaya, inda sabis ya fi kamawa, ya buɗe shafin da wayarsa da datarsa, ba ta akwati ba. Shafin ya daɗe yana juyi kafin ya buɗe. Ga sunaye nan reras, an sake su mako huɗu da suka wuce. Ya yi ƙasa da yatsa yana addu'a, kuma abin kunya, addu'ar da yake yi ita ce Allah ya sa babu sunanta. Yana nan. Lamba ta ɗari biyu da sha huɗu, Hajara Yunusa, Gama. A ƙasa an rubuta cewa duk wanda bai zo tantancewa ba zuwa Alhamis ya sarayar da gurbinsa. Alhamis ɗin ta wuce da kwana goma sha biyu.

Sai a lokacin ya gane abin da ya aikata. Hajara ce ta fara buɗe shafin, akwati ya ajiye. Kullum ta dawo ta danna, akwati ya ce ashe ana son wannan, ya ƙara masa kwana talatin. Da malalaciya ce mai leƙowa sau ɗaya a wata biyu, da tuni ta ga sunanta. Nacinta ne ya rufe mata ƙofa, shi kuma shi ya ƙera makullin yana alfahari. Ya ji ya tsani kansa.

Ya bar wa mai gadin gidan ɗakin, ya tari adaidaita sahu zuwa ofishin hukumar. Awa biyu yana zaune a benci kafin wani jami'i ya saurare shi. Ya yi bayanin akwati, ya yi na kwana talatin, har randar ya kawo. Mutumin ba mugu ba ne, ya ji shi har ƙarshe.

"Malam, na ji tausayinta. Amma gurabun waɗanda ba su zo ba mun cike su daga jerin masu jira, takardu sun wuce sama. Ta jira wani karon."

"Shekarunta ba za su kai wani karon ba, ranka ya daɗe."

Jami'in ya buɗe tafin hannunsa, ya kira na gaba.

A hanyar dawowa shaiɗan ya ba Abdulbaqi shawara mai sauƙi. Ya bar akwatin yadda yake. Ta ci gaba da zuwa, ta ci gaba da ganin tukuna, har ta gaji ta ce hukuma ce ta yi shiru. Babu mai sanin komai. Ya juya shawarar nan tun daga bakin titi har cikin gareji, kuma ba zan ce ba ta yi masa daɗi ba. Amma da ya durƙusa gaban akwatin sai ya goge tsohon shafin.

Bayan azahar ta shigo da sallamarta. Ya miƙe tsaye.

"Malama Hajara, kafin ki zauna, akwai magana."

Ya faɗa mata duka, bai rage ba, bai ɗora wa sabis ko hukuma ba. Ya ce shi ne. Ta saurara tana riƙe da bayan kujera. Ya so ta yi ihu, ya so ta zage shi, da ya fi masa sauƙi. Sai kawai ta ce inna lillahi wa inna ilaihi raji'un, a hankali, sau biyu. Sannan ta zauna a kwamfuta ta huɗu ta danna.

Yau shafin bai buɗe nan take ba. Ya yi ta juyi, suna kallonsa su biyu. Da sunayen suka fito ta bi su ɗaya bayan ɗaya, ba ta tsallake ko guda ba, har ta kai ɗari biyu da sha huɗu. Ta ɗora yatsa a kan gilashin.

"Ashe sun ɗauke ni," in ji ta. "Shekara tara ban taɓa ganin sunana a jikin komai ba."

"Ki yafe ni, don girman Allah."

Ba ta ce ta yafe ba, ba ta ce ba ta yafe ba. Idonta na kan gilashin.

"Malam Abdulbaqi, wannan ma akwatin naka zai ajiye shi?"

"Zai ajiye."

"Ko sun cire nasu?"

"Ko sun cire. In dai ana buɗe shi."

Ta gyaɗa kai, ta duba agogon bango. Lokacin juya Baba ya yi. Ta miƙe ta mayar da kujerar mazauninta, ta gyara hijabi.

"To kar ka goge wannan," ta ce. "Gobe bayan azahar zan shigo."