Tokar Ƙofar Ya Kaka

Hantsi ya fara ɗagawa a Gure. Ruwan da aka yi da asuba ya ɗauke, ya bar rairayin tsakar gida ya yi duhu ya kwanta luf. Habsu tana sunkuye da ƙoƙon toka a hannu, tana ja da baya a hankali, tana zuba layi na ƙarshe. Daga bakin ƙofar surukarta zuwa gindin darbejiya layi bakwai ne, tsakanin kowane da na gabansa taku ɗaya na tsohuwa. Ruwa ya wanke na jiya, dole ta sake. A kan jiƙaƙƙen rairayi tokar ta fito fari tas.

"Inna, hanya ta gyaru," in ji ta.

Ya Kaka, surukar tata, tana tsaye a bakin ƙofa tun ɗazu. Ta riƙe gefen ƙofar da hannun hagu, na dama kuwa yana ta rawa shi kaɗai, yatsun suna murzawa kamar mai jan carbi. Gangar jikinta ta karkato gaba tana son fita, ƙafafun sun ƙi, sai ka ce an kafe su da ƙusa.

Habsu ta ajiye ƙoƙon, ta soma tafi a hankali. "Kada ki dubi ƙafarki, Inna, dubi layin. Ɗaga, tsallaka. Ɗaga, tsallaka."

Ƙafar dama ta yi ɗan kakkarwa, ta ɗagu, ta haye layin farko. Ta hagu ta bi ta. Kafin Habsu ta yi tafi goma tsohuwar ta kai gindin bishiya.

"Da tsufana kin mai da ni soja," in ji Ya Kaka. Muryarta ta zama ƙarama ƙwarai, kamar mai raɗa a cikin tulu, kuma fuskarta ba ta motsi ko da tana wasa. Habsu kaɗai ta iya jin wannan murya a gidan, ita kaɗai ta san inda dariyar take ɓoye.

"To soja, a ɗaga hannu sama, kamar za a ɗauko faifai a kan rumfa. Har can. Ai ban ce ki gaishe ni ba, Inna, sama na ce."

Wata huɗu ke nan suna wannan aiki. Bayan sallar layya ne Abdullahi, mijin Habsu, ya ɗauki uwarsa zuwa babban asibitin Damagaram, Habsu ta bi su don jinya. Lokotoro, wato likita, ya duba, ya faɗi sunan ciwon, Parkinson, ya ce ba ya warkewa amma ana rage masa gudu. Ya ba da ƙwayoyi, ya tura su wani ɗaki a bayan asibitin, wurin wani mutum mai koya wa masu shan inna da masu shanyewar jiki motsi. A daɓen ɗakin an ja layuka da farin fenti. Ya Kaka da aka shigo da ita ana ja kamar buhu, tana ganin layukan nan ta taka su ɗaya bayan ɗaya har bango. Habsu ta yi kuka a ranar. Mutumin Faransanci ya fi iyawa, Abdullahi kuwa ya yi lakwal, makarantar boko, shekara shida, yana aikin kai takardu a biro, wato ofis, shi ne ya tsaya yana fassarawa. Da bakinsa ya ce mata: "Ya ce ki ja mata layi a duk inda take maƙalewa, musamman bakin ƙofa. Ki riƙa yi mata tafi ko ƙirga. Kullum, ba fashi."

Da suka dawo gida ba daɓe, ba fenti. Ta gwada ja da kara, tsohuwa ba ta gani. Ta gwada jera karare, ɗaya ya kusa kayar da ita. Sai ta dubi murhu.

Suna cikin juya wuya dama da hagu aka yi sallama. Salamatu ce, yayar Abdullahi, ta sauko daga motar kamiyon Gidigir da ƙulli a ka da gorar nono a hannu. Rabonta da gidan tun kafin tafiya Damagaram. Habsu ta miƙe da fara'a.

"Maraba da Yaya! Sannu da hanya."

Salamatu ta tsaya cak, idonta a ƙasa. Leɓenta yana motsi, tana ƙirgawa.

"Bakwai," in ji ta. "Innalillahi. Wa ya zuba wannan?"

"Ni ce, Yaya. Don Inna ta..."

"Ke ce. Kuma ta tsallaka?"

"Kullum tana tsallakawa. Ai shi ne maganin..."

Gorar nono ta faɗi. Salamatu ta ɗora hannu a ka. "Jama'a! Ku zo ku gani da idonku! Malamin da ya duba mana a Gidigir ya faɗa, ya ce ciwon uwata tsallake ne, abu aka zuba mata ta haye, kuma hannun da ya zuba yana cikin gida. Na ce a'a, na ce Habsu ba za ta yi ba. Ashe da rana tsaka ake yi!"

Kowa a Gure ya san abin da ake nufi da tsallake. In ana son a lalata wa mutum ƙafa, a bakin ƙofarsa ake zuba abin, ya haye bai sani ba. Habsu ma ta sani tun tana yarinya a Kelle, amma ko sau ɗaya bai zo mata a rai ba cewa tokar murhunta za ta yi kama da shi.

Kawuna suka fara leƙowa ta saman zana. Mata biyu suka shigo har tsakar gida, ɗaya da muciya a hannu. Suka tsaya nesa da layukan, suna tattare bakin zane.

"Yaya, don Allah ki saurare ni. A asibiti aka koya mana. Ciwon ya fi shekara biyu, tokar nan kuwa wata huɗu ce."

"Wadda muka gani ke nan. Wadda ba mu gani ba fa?"

"Da sassafe kam muna jin ta tana tafi tana faɗin wasu maganganu," in ji mai muciya, ba ta dubi Habsu ba. Jiya jiya Habsu ta yi wa 'yar matar kitso.

Ya Kaka ta buɗe baki. Habsu ta ji abin da ta ce sarai: "Ku bar ta." Sau biyu ta faɗa. Amma in hankalinta ya tashi muryar ƙara shigewa take yi, hannun kuma ya hau bugun cinya da ƙarfi.

"Kun gani?" in ji Salamatu, hawaye na zubo mata. "Har bakin an ɗaure. Dubi fuskarta, ko ni ba ta yi wa murmushi ba. Inna, ni ce fa, Salamatu."

Kukan nata na gaskiya ne, wannan Habsu ta gani. Shi ya sa ba ta ɗaga murya ba. Ta ce a ranta, bari maigida ya dawo. Shi ya ji da kunnensa, shi ya faɗa da bakinsa. Kalma biyu zai yi, kowa ya kama gabansa, har a yi dariya. Ta koma gindin murhu ta ɗora tukunya.

Abdullahi ya shigo bayan sha biyu, lokacin da ake tashi daga biro, yana tura kekensa. Bai tarar da gidan yadda ya bar shi ba. Matan sun ƙaru, har da tsofaffi biyu a zaure. Salamatu ta tare shi tun bai jingine keken ba. Ita ta goya shi, ita ta riƙa kai masa fura lakwal, har yau in ta yi magana kansa a ƙasa yake.

"Audu, zo nan. Ka ga wannan?"

"Na gani, Yaya."

"Matarka ta ce likita ne ya ce a zuba wa uwarmu toka a ƙofa ta riƙa tsallakawa. Kana wurin. Ka dube ni ka faɗa mini, ya ce a zuba toka?"

Habsu ta miƙe tsaye, ta goge hannu a zane. Har ta fara jin sanyi a ranta.

Abdullahi ya dubi layukan. Wata huɗu yana haye su safe da yamma in zai gaida uwarsa. Ya dubi matan da suka zuba masa ido, ya dubi yayarsa, ya cire hula ya sosa kai.

"To... ni dai fenti na gani a can," in ji shi. "Toka kam, gaskiya, ban ji ya ce toka ba."

"Kun ji!"

"Malam," in ji Habsu. Muryarta ta fito siririya. "Layin fa? Wa ya ce mini in ja layi?"

"An yi maganar layi, e. Amma ni ba na gida da safe, ban san yadda ake yin abin ba. Yaya, a bar maganar nan haka, a share kawai. Mutane sun taru."

Ba ƙarya ya yi ba, ko kalma ɗaya. Abin da ya fi ci wa Habsu rai ke nan. Salamatu ta ɗauko tsintsiya, ta yi bisimilla, ta share layukan tun daga gindin darbejiya har bakin ƙofa, ta kwashe rairayin a kasko ta ce a kai bayan gari. Sannan ta kama uwarta ta hammata, ita da mai muciya, suka ja ta zuwa ɗaki.

Abdullahi ya sami Habsu a ɗakinsu tana ninke zannuwa.

"Haba Habsu, mene ne haka kuma? Yaya ce fa. Kwana uku za ta yi ta koma. In ta tafi sai ki ci gaba da abinki, ni na hana ki?"

"Ita za ta koma Gidigir. Matan unguwa ina za su koma?"

"Za su manta."

"Wa zai sake cin tuwona a gidan suna? Wa zai miƙo mini jaririnsa? Gobe in ɗan wani ya yi zazzaɓi, ƙofar wa za a duba?" Ta ɗaure bakin ƙullin. "Ba su watse ba tukuna, ina jin muryarsu a zaure. Ka fita yanzu ka ce kai ka fassara mini. Ka ce ka ga Inna ta yi tafiya a kan layin nan da idonka. Shi ke nan abin da na roƙa."

"In ƙaryata Yaya a gaban mutane?"

"Ni da aka ƙaryata fa?"

Ya zauna a bakin gado, ya dafe goshi. Ta jira shi. Ta ji kaza tana ƙorafi a bayan ɗaki, ta ji an kira azahar a masallacin kasuwa. Mutumin kirki ne, bai taɓa ɗaga mata hannu ba, bai taɓa barin ta da yunwa ba ko a shekarar fari. Ta yi ta kallon ƙeyarsa tana jiran ya tashi.

Ya tashi ɗin. Ya ɗauki buta.

"Bari in yi salla," in ji shi. "Ƙarfe uku zan koma biro. Da yamma ma yi magana a tsanake."

Da ya fita ta ɗan ƙara zama. Sannan ta kwance ƙwayoyin Ya Kaka daga bakin gyalenta ta ajiye a kan faifai inda za a gani. Akwai motar da kan tashi zuwa Kelle bayan la'asar. Ba ta san ko kwana nawa za ta yi a gidan ubanta ba, ba ta kuma san wa zai zo biko ba, ko me zai ce in ya zo. Ta dai san ba za ta kwana a unguwar nan da wannan suna ba.

Ta ɗora ƙullin a ka ta fito. Rana ta busar da tsakar gida, sawun tsintsiya ne kawai a kan rairayi. Matan sun tafi.

A bakin ƙofar Ya Kaka kuwa ana fama. Tsohuwa tana son zagayawa bayan gida, ta maƙale a daidai inda ta saba. Salamatu tana gabanta, ta kama hannuwanta biyu tana ja, gumi ya jiƙa mata riga.

"Taho mana, Inna. Ɗaga ƙafar. Don girman Allah ki ɗaga, kada ki yi a nan."

Tana ja, jikin yana tahowa, ƙafafun suna nan. Saura kaɗan tsohuwar ta kifo a kanta. Idon Ya Kaka ya wuce kafaɗar 'yarta ya sauka a kan Habsu da ƙullin da ke kanta. Fuskar ba ta ce komai ba.

Hanyar zaure tana hagu. Habsu ta yi taku biyu wajenta, ta tsaya. Ta juyo, ta zo gefen ƙofar. Ba ta sauke kayan ba, ba ta dubi Salamatu ba. Ta zare takalminta, ta miƙa ƙafarta ta gindaya a ƙasa, a gaban yatsun tsohuwar.

"Daina ja, Yaya. Riƙe ta kawai," in ji ta a hankali. "Inna, dubi ƙafata. Ɗaga."

Ƙafar dama ta yi kakkarwa, ta ɗagu, ta haye ta Habsu. Ta hagu ta bi. Daga nan tafiyar ta kama, ƙanana ƙanana, da sauri, har Salamatu tana ja da baya don kada a taka ta. Suka sha kwanar bayan ɗaki, Salamatu tana cewa, "A hankali, Inna, a hankali," ba ta waiwayo ba.

Habsu ta mai da takalminta, ta gyara zaman ƙullin, ta nufi tasha.