Gonar Gindin Dutse

Anwar yana kafa turke na huɗu ya ji tari a bayansa. Inna Dije ce, ƙanwar mahaifinsa, zaune a kan falalen dutse.

"Mi za ka ɗaure nan, jaki?"

"Wayar shinge zan ja, Inna. Bitrus mai kayan gini zai kawo ta daga Gusau. Waken suya zan shuka baɗi."

Shekara tara ya yi a kudu yana karatun noma. Da mahaifinsa ya rasu, gona ɗaya ta zama tasa, wadda ta jingina da dutsen garin. Daga nan ana hango komai: rumbuna, hasumiyar masallaci, mata a bakin rijiya, gonaki suna gangarawa har hanyar Kucheri.

Abu biyu suka ɗaure masa kai. Masarar gonar birai na ta cin ta, ba wanda ya damu. Amma rumbun gidansu cike yake.

"Inna, Baba bai taɓa shuka gero ba. Geron da ke rumbu daga ina?"

"Ashe ka dawo da idanunka. Na ɗauka can ka baro su."

Ta sauko da ƙyar, ta nuna ƙasa da sandarta.

"Dubi kunyar ga. Mai faɗi, ta Malam Yazid ce. Wannan karkatacciya ta liman, bai taɓa iya huɗa ba. Ruwan farko in ya sauka, gari duka ke fitowa gayya nan kafin kowa ya taɓa tasa gonar."

"Don a taimaki Baba?"

"Don a ciyar da waɗancan." Ta ɗaga haɓa wajen dutsen. "In sun sauko suka ƙoshi nan, ba su wucewa ƙasa. Da kaka kowane gida ya kawo dami rumbunku. Ubanka bai taɓa girbe ko kwando ɗaya a nan ba."

Anwar ya dubi turakunsa.

"In na sa waya fa?"

"Sai su zagaya. Gonar Rukayya ce ta gaba, dawarta ta fara nuna. Ita ke ci da gidanta tun da mijin ya kwanta."

"Me ya sa ba wanda ya faɗa mini?"

"Gonarka ce, wa zai hana ka? Kuma wa ka tambaya? Da igiyar awo ka zo."

Kara ya motsa. Wani ƙaton biri mai furfura a haɓa ya fito, ya karya masara, ya zauna kusa da turke na farko yana ɓare ta. Bai ko kalle su ba. Anwar ya lura ya tsallake layuka biyu kafin ya zaɓa.

Wayarsa ta yi ƙara.

"Malam Anwar, Bitrus ne. Zan ɗora kaya a mota."

"Dakata tukuna. Kada ka ɗora."

"To. Lafiya dai? Ko gonar ce ba ta yi ba?"

"Masu ita sun ce ta yi."

Ya kashe wayar, ya girgiza turken da ke gabansa har ya fita. Sannan ya tsuguna ya ɗauki totuwar da birin ya yar, yana jujjuya ta.

"Inna, wace masara suka fi so, fara ko ja?"