Makon Desley a Gonar Tumaki

Desley Kearney tana shekara ta uku a karatun likitan dabbobi lokacin da shugaban sashensu ya kira ta ofis. Cikin fara'a ya shaida mata cewa makon da ɗalibai kan yi a gonar tumaki ban da ita, za a ba ta aikin rubutu a madadinsa. Keken guragu, in ji shi, ba ya shiga garke.

Tun tana budurwa take kan keken, bayan da babur mai ƙafa huɗu ya kife da ita a gonar mahaifinta. Ba mai son rigima ba ce, amma wannan karon ta ƙi haɗiyewa, ta kai ƙara hukumar kare haƙƙi. Doka kuwa a fili take: jami'ar da gwamnati ke ɗaukar nauyinta ba ta da ikon ware ɗalibi saboda nakasa, matuƙar akwai yadda za a gyara masa hanya. Aka yi ta zaman sulhu wata da watanni, har jami'a ta sauko.

Da ranar tafiya ta zo, sauran ɗalibai suka cika bas suna shewa, ita kuma aka kawo mata mota ta musamman, daga ita sai direba. A gonar ma, can yamma da garin Longreach, haka abin ya kasance. Su aka zuba su a tsofaffin ɗakunan masu askin tumaki, ita aka ba ta ɗaki mai na'urar sanyaya iska a gidan manaja, inda aka kafa mata sabon katakon hawa da keke. Komai an yi shi daidai. Ba ta da abin da za ta ce an rage ta da shi.

Da yamma sai ta gangara wurin da suke gasa nama. Tun daga nesa take jiyo muryar Bronte, 'yar ajinsu mai bakin tsiya, tana tsokanar wani ɗan ajinsu, Tevita.

"Kai Tevita, duk wannan ƙirjin, tunkiya ta kai ka ƙasa? Wallahi ka ba da maza."

"Ke rufa mana baki! Jiya wa ya tsira wa shinge allura?"

Aka kece da dariya. Desley na isowa, sai dariyar ta tsaya kamar an ɗauke wuta. Wannan ya ja mata hanya, wancan ya miƙo mata faranti.

"Ni dai ba tunkiyar da za ta kayar da ni," in ji ta, "dama can a zaune nake."

Suka kalli juna. Bronte ta yi ɗan murmushi ta ce, "Sannu Desley, a ƙaro miki burodi?"

Kowa ya san ita ce ta kai jami'a ƙara, kuma an gargaɗe su a kan iya baki. Ta ci namanta ta koma. Kafin ta kai ƙofar ɗaki hira ta sake barkewa a bayanta.

Ranar Alhamis aka ɗora ta a ƙofar da ake raba 'yan raguna da iyayensu. Rana ta take, ƙudaje sun dame ta, hannunta ya gaji. Ta tura ƙofar baya ba ta danna sakata ba. Kafin a ankara 'yan ragunan sun kwarara sun koma cikin iyayensu, aikin safiya ɗungurungum ya tashi a banza.

Col Dunstan, tsohon da ke da gonar, ya cire hula ya maka a ƙasa.

"Wane marar kan gado ne a ƙofar nan? Ke! Idonki na ado ne? Yau ko abincin rana ba ki cancanta ba!"

Desley ta ji kunya ta rufe ta, amma a ƙarƙashin kunyar wani daɗi ne ya taso mata wanda ta daɗe ba ta ji ba. Haka mahaifinta kan yi mata tsawa a da. Ta buɗe baki za ta ce, "Naka idon fa, tsoho, da ka bar sakata ta yi tsatsa?" sai Dakta Marwick, malamar da ta kawo su, ta shiga tsakani.

"Ba komai, Desley, laifin sakatar ne. Je ki huta a inuwa."

Ta ja Col gefe suka yi magana ƙasa-ƙasa.

Da la'asar Col ya zo ƙofar ɗakinta, ya wanke fuska, hula a hannu.

"Na zo ba ki haƙuri a kan kalaman da na yi."

"Haba Col, ai ni na bar ƙofa. Ƙara min ma ya kamata ka yi."

Ya sosa ƙeya, bai yarda sun haɗa ido ba. "An ce dai in ba ki haƙuri, 'yata. To, na bayar."

Daga ranar bai sake ɗaga mata murya ba. In ya gan ta sai ya taɓa hula ya wuce.

Ta gama makon, ta yi allura, ta duba haƙora da kofato, ta ci da maki mai kyau. Shekarar da ta biyo baya wasu ɗalibai biyu masu nakasa suka je gonar ba tare da sun nemi alfarmar kowa ba. Desley ta ji labarin a bakin sakatariyar sashe, ta yi murna har zuciyarta. Ta taɓa hango ɗaya daga cikinsu a kantin shan shayi na makaranta, wata yarinya mai sanda, abokanta sun kewaye ta suna yi mata tsiya a kan askinta. Desley ta ɗan tsaya tana kallonsu, sannan ta karɓi shayinta ta nufi ɗakin karatu.