Bindigar Auta da Farin Ƙyallen Saje

Tagar ɗakina tana kallon filin da masu gadin daji ke goge bindigoginsu, don haka ba sai na biya kowa kuɗin kallo ba. A nan nake zama da carbina, ido ɗaya a kan carbi, ɗaya a kan mutane.

Autata ce mace tilo a cikinsu. Lokacin da aka kawo sababbin bindigogi aka koya musu yadda ake kula da su, ita tana asibiti tana jinyar gwiwata. Ta dawo ta tarar an gama. Tun daga nan Saje, shugabansu, ya sa ta a gaba. Mutumin nan yana da wani farin ƙyalle da ya fi haƙoransa fari. Sai ya juya baya da bindigarta, ya yi ƙwas-ƙwas, ya juyo ya ɗaga ƙyallen baƙi ƙirin.

"Datti," in ji shi. Iyakar maganarsa ke nan. Ina dattin yake? Oho.

Ƙarshe ya ce in ta sake faɗuwa ranar babbar dubawa mai zuwa, ita za a tura sansanin can ƙuryar daji, inda ba a zuwa da iyali. Ni kuma sai gidan babban ɗana, wurin matarsa mai ƙirga wa mutum loma. Abokan aikin Auta kuwa duk sun ɗinke baki, don in ba ita aka tura ba, ɗayansu ne.

Sai ga ƙanin marigayi mijina, Baffa Kofur, tsohon soja, ya zo da sandarsa da iliminsa.

"'Yata, ciki ake gogewa, inda harsashi ke kwana. A nan hayaƙi ke zuba kashinsa. Sauran kuma ki shafe da mai. Mai, mai, mai!"

Na ce, "Kofur, kai da rabonka da bindiga tun kana da gashi?"

"Ke dai matar yaya, ki tsaya a kan tukunya."

Auta ta goge cikin nan har yana ɗaukar ido. Ta tsiyaya mai ta kowace kafa da ta gani. Suka je harbin gwaji suka dawo, ƙyallen Saje ya fi na da baƙi, har da danƙo. Ta shigo ta jefar da hula, ta zauna a bakin gado tana kallon hannun rigarta na hagu da ya yi duhu.

Na ce, "Ki je ki tambayi mai gyaran bindigogi mana."

"Iya, don Allah ki bar ni. In je a ce mace ba ta iya ba?"

Girman kai irin na ubanta, sak. Haushi ya cika ni har wuya. Na yafa mayafi na ja gwiwata zuwa gidan mai gyaran, wai na zo gaida matarsa. Ba a zuwa wurin matar nan hannu sake, sai na kai mata labarin mai shagon bakin titi da yadda surukarsa ta kwashe masa kujeru. Ta yi dariya har da hawaye. Mijin yana gefe yana cin abinci.

Na ce da ƙarfi, "Ai Kofur ya ce waɗannan sababbin bindigogin aikin banza ne, kuma masu gyaransu ma ba su san kansu ba."

Cokalin mijin ya tsaya a iska.

"Iya, wa ya ce?"

"Ni dai ji na yi, ɗan nan."

Ya ture kwano ya ɗauki muciyar matarsa ya kwantar a kan tebur. "Ga bindiga. In an harba, hayaƙi mai zafi ne ke koro harsashi. A nan gaba, saman bututun, akwai 'yar ƙaramar huda. Hayaƙin ya leƙa ta nan ya bugi fistin, wani ɗan sandan ƙarfe kamar na famfon keke. Fistin ya tura kayan ciki baya, kwanson harsashi ya fita. Irin ta su Kofur, hayaƙin har cikinta yake shiga, shi ya sa suke goge ciki. Wannan kuwa a gaba take huci, ta 'yan ramuka kusa da inda hannun hagu ke riƙewa."

"To baƙin fa?"

"Yana kan fistin, da murfin da ke toshe shi, da ramukan. Sai an zare murfin an kankare. Kuma a bar shi a bushe. Wanda ya zuba mai a wurin, ya soya wa kansa ƙanzo."

Na dawo ina ɗingishi ina maimaitawa kada ya zube a hanya. Na ɗauki tawa muciyar na yi wa Auta bayani. Ta ce ina na samo. Na ce mafarki na yi.

Washegari ina taga na ga ta zare murfin. Abin da ta kankaro, wallahi, ya isa a yi wa amarya kwalli. Ranar dubawa Saje ya juya baya, ya yi ƙwas-ƙwas ɗinsa, ya juyo. Ya kalli ƙyallen fari tas, ya juya shi, ya sake kallo kamar an yi masa sata. Aka tura wani dogo mai yawan dariya ƙuryar daji. Ni da gwiwata muna nan.

Amma ku ji sakayya. Matar mai gyaran ta baza cewa ni na ce mijinta bai iya aiki ba, yanzu ko gaisuwata ba ya amsawa. Auta ta ce na tona mata asiri a bariki, ta sa labule mai kauri a tagata. Kofur kuwa ya zo ya miƙe ƙafa a kujerata, ya shanye shayina, yana gaya wa maƙwabta, "Ai ni na ce mata ta riƙa sa mai."

Labulen dai na huda shi da tsinken sakace.