Makullin Tirelar Alhaji Gali

Tun cikin azumi Lauratu ta gane cewa idon mijinta na hagu ya tafi. Ba shi ya faɗa mata ba. Ta dai lura idan an yi masa magana ta wannan gefen, sai ya juyo da kansa gaba ɗaya kamar mai ciwon wuya, kuma sau biyu yana tuntuɓe da buta a inda ya saba ganinta.

Malam Jatau direban tirela ne. Tun kafin ya aure ta yake ɗauko tumatir da albasa daga Arewa ya sauke a Kasuwar Shasha, a ƙasar Yarabawa. Motar ta Alhaji Gali ce, haka ma ɗakuna biyun da suke zaune a ciki a nan unguwar Sabo. Tsarin Alhaji ke nan: wanda ke riƙe da makullin mota, iyalinsa ke zama a ɗakunan.

A da direbobi biyu ake sa wa motar tumatir, ɗaya na tuƙi ɗaya na barci a bayan kujera, saboda kayan ruɓewa suke yi idan aka tsaya hutu. Yanzu babu na biyun. Wani ya sayi keke mai ƙafa uku yana jigila a Mokola, wani ya koma ƙauyensu bayan da 'yan bindiga suka tare su a hanya, wani kuma labarinsa kawai aka kawo wa matarsa. Sauran tirelolin Alhaji na ajiye a gareji, har ciyawa ta fito a ƙarƙashinsu.

"Malam," in ji Lauratu wata safiya tana yanka awarar da take sayarwa a gida, "wannan karon ka ce ba ka da lafiya mana."

"Lafiyata ƙalau."

"To miƙo mini matsamin nan."

Matsamin na ajiye dab da gwiwarsa ta hagu. Ya duba gabansa, ya duba dama, sannan ya gane abin da take yi.

"Ni za ki gwada, Lauratu? Hanyar nan na san kowane rami da ke cikinta."

"Ramuka ai a zaune suke. Shanu fa? Yaran da ke tsallakawa fa?"

"In na sauka ina za mu zauna? Ƙarƙashin gadar Mokola?" Ya miƙe ya sa hularsa. "Kada in ji maganar nan a bakin kowa."

Ta yi niyyar yin shiru. Amma jibi zai sake ɗaukar hanya, shi kaɗai, da ido ɗaya. Ita kuwa ba ta isa ta tari Alhaji da magana ba, matar aure ce. Sai aka yi dace a ranar ana suna a gidansa, mata sun cika tsakar gida. Lauratu ta jira har ta samu uwargidansa, Hajiya Saude, ita kaɗai a ɗaki.

"A'a, mai awara! Yau kin kawo mana ko ci kawai kika zo yi?" in ji Hajiya tana dariya. Da ta ga fuskar Lauratu sai dariyar ta ɗauke.

Lauratu ta faɗa mata komai. Roƙonta ɗaya ne: Alhaji ya sauke Malam daga mota, ya ba shi ko da gadin gareji ne ko kula da sauke kaya a Shasha.

"Zan gaya masa," in ji Hajiya. "Amma kin san halin da ake ciki."

Washegari bayan la'asar Alhaji Gali ya zo da kansa. Aka shimfiɗa masa tabarma a zaure. Lauratu ta tsaya a bayan labule, matan gidan suka taru a kusa da ita kamar masu tsintar shinkafa, kunnuwansu na zaure.

"Jatau, shekara nawa muke tare, ka ɓoye mini?" Muryar Alhaji ba ta faɗa ba ce, ta gajiya ce. "Ba zan ƙara ba ka mota ba. Ba na son alhakinka, ba na son na mutanen hanya."

Malam Jatau ya sunkuyar da kai, Alhaji ya ci gaba.

"Amma ka dubi halin da nake ciki. Na zaga gareji, na zaga Shasha, na aika har Kano. Yaran yanzu ka ce musu tirela, sai su ce maka abeg, ba da su ba. Manoma sun cika kwanduna suna jirana. In Allah ya sa na samo direba daga Arewa, da ɗakunan nan zan jawo shi. Ba ni da wasu."

"Oga, kawo makullin."

Jafaru ne ya yi magana daga bakin ƙofa, da hular kwanon okada a hannunsa. Shi ne ɗan farin Lauratu. Ya taɓa bin babansa a matsayin karen mota, ya koyi juya sitiyari da ja da baya, sannan ya bari tun ranar da ya taya kwashe gawawwaki a kusa da Mokwa. Ya rantse ba zai sake hawa tirela ba, ya koma okada.

"Kai, rufe mini baki!" in ji Malam Jatau. "Alhaji, yaron nan bai taɓa sauko da lodi a gangaren Jebba ba. Mota babu kaya daban, mota da kaya daban."

"Baba, kai ma ai akwai ranar da ka fara. Ko so kake a fitar mana da katifu titi, Yarabawa na kallo?"

Alhaji ya daɗe yana juya carbinsa. "Ka san yadda sana'ar take, Jatau. In direba ya sauka, wanda ya horar shi ke karɓa. A hannunka ya koya." Ya ɗaga murya wajen labule. "Uwar gida, ke kika kawo maganar farko, kin kuma yi gaskiya. Me kika ce a wannan? In kin ce a'a, wallahi na janye."

Tun da Lauratu ta haifi yaron ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa nuna damuwa da shi a gaban mutane ba, haka ake yi da ɗan fari, haka uwarta ta yi da yayanta. Ga matan gida sun zuba mata ido. Maƙwabciyarta Barakatu ta yi 'yar dariya.

"Haba Alhaji, ɗan fari ne fa. Kunya za ka ba ta?"

Kalmar a'a tana kan harshen Lauratu. Abin da ya fito daban ne.

"Ni ina ruwana da shi. Ku kuka san shi."

Ta ji ƙarar makulli ya sauka a tafin hannu.

Da safe Malam Jatau ya zaunar da Jafaru yana ta maimaita masa abu ɗaya: ya sa babbar giya mai riƙe gudun mota tun kafin gangare, kada ya dogara da birki, in barci ya zo ya tsaya ko da tumatir zai zama ruwa. Bai dubi inda Lauratu take ba tun jiya. Ita ta ɗora mai a wuta, ta ƙulle awara da yaji a leda, ta ba Najiba, ƙanwar Jafaru, ta miƙa masa.

"Inna, na tafi," in ji Jafaru. "No wahala, kwana kaɗan ne."

"Allah ya kiyaye," ta ce da kaskon.

Ya fita. Ta ji takunsa a zaure, ta ji ya gaisa da wani da Yarabanci a waje, sannan shiru.

"Najiba! Yi gudu ki ce wa yayanki ya dawo, ya yi mantuwa."

Yarinyar ta ruga ko takalmi ba ta sa ba. Ba ta jima ba ta dawo tana haki.

"Ya riga ya hau okada, Inna. Na yi ta kira bai ji ba. Me ya manta?"

Lauratu ta tsaya tana kallon ƙofar zaure. Awarar da ke cikin kasko ta yi baƙi, hayaƙi ya cika tsakar gida, har Barakatu ta leƙo tana tambaya ko lafiya.