Bokiti Uku na Reb Zundel

"Ba ta nan ba, Fishel! Daga kai ake farawa. Gawa ce a gabanka, ba takalmin da aka kawo maka gyara ba."

Gawar ce ke magana. Reb Zundel, maƙwabcina, yana kwance da ransa a kan teburin kicin, ciwon huhu ya gama cinye shi, yana koya mini yadda zan wanke shi. Shekara arba'in, duk Bayahuden da ya rasu a garinmu Broken Hill shi ke yi masa wanka, yadda ya gada wurin mahaifinsa a ƙauyensu na Rasha. Yanzu matasa sun tsere Melbourne, mu tsofaffin da muka rage babu wanda ya iya.

"Bokiti uku," ya ce yana tari. "Kafin na farko ya ƙare, na biyu ya fara zuba. In ruwan ya yanke ko na ƙiftawar ido ne, wanka ya lalace. Mutum ɗaya ba ya iyawa. Ka kira Motl."

Motl mahauci! Shekara goma sha ɗaya ba ma ga maciji, tun ranar da ya zauna a gurbin mahaifina a ɗakin ibada.

"Gara ka ce in ɗauko raƙumin Afganawan da ke dakon kaya a garin nan," na ce.

"Raƙumi ba Bayahude ba ne. Motl kuwa, da ƙyar dai, amma Bayahude ne."

Matarsa Baila ta shigo da kwanon fulawa. "Sauka mini daga tebur, Zundel, burodi zan kwaɓa. Ka bari gobe ka mutu." Tana dariya, idonta jawur.

Ranar Juma'a da safe Zundel ya cika. Dole a rufe shi kafin rana ta faɗi Asabar, ranar hutunmu, ta shiga. Ba yadda na iya, na aika aka kira Motl, ya zo. Shekarar fari ce, jirgin ƙasa ke kawo mana ruwa. Da muka gama goge jikin, abin da ya rage a tankunanmu bokiti uku ne cif. Babu na sakewa.

"Har yanzu hannunka na rawa, baduku?" in ji Motl.

"Kai dai riƙe naka, mahauci."

Na fara zubawa daga kai. Kafin nawa ya ƙare, nasa ya karɓa. Na sunkuya ɗaukar na uku, sai bayana ya riƙe. Na kasa miƙewa. Ina jin ƙarar ruwansa tana raguwa.

Na ɗago ido. Motl, ɗan shekara saba'in, ya ɗaga bokitin sama, ya mai da ruwan siriri kamar zare, damatsansa na karkarwa. Zaren nan bai tsinke ba. Ni dai a ganina ruwan ya ƙare tuni, amma yana ta zuba.

"Tashi, ɗan'uwa," ya ce a hankali. "Ina riƙe."

Na dafa tebur na tashi. Ruwana ya tarar da nasa.

"Ya tsarkaka," muka ce tare, sau uku. Muka sa masa likkafani da mayafinsa na addu'a, sannan muka tsaya a ƙafafunsa.

"Zundel ɗan Abram," na ce, "in mun gaza a wani abu, ka yafe mana."

Da muka buɗe ƙofar baya, ruwan ya riga mu fita. Ya yi 'yar hanya a cikin jar ƙasa har gindin shinge, tsuntsaye biyu masu jan ƙirji sun sauka suna sha.