Bango Uku

"Kankare a hankali, Magini, ba bangon ubanka ba ne!"

Daga kan gado Baba Na-Farko yake ba ni umarni, mutumin da likita ya ce ko tari ya yi a hankali. Ni kuwa ina durƙushe a kusurwar ɗakinsa da cokalin gini, ina ɓamɓare yaɓe, gumi har cikin ido. A bayana mutum uku ne. Akwai malamar da ofishin gunduma ya turo ta rubuta tsofaffin gidajen karkara. Akwai ɗan Baba da ya zo daga birni, wanda muke kira Injiniya ko da yake kan famfo yake sayarwa. Sai Iya Mai Rijiya, maƙwabciyarsa, wadda ba wanda ya gayyace ta, ta zo da kujerarta.

Shekara saba'in tsofaffin nan biyu suna musu a kan abu ɗaya: kakan wa ya fara sauka a garin nan. Baba ya ce kakansa ya zo da jaki da gatari, ya sare daji, ya gina gidan farko, ko tsuntsu bai tarar ba. Amsar Iya ba ta taɓa canzawa ba: "Da wane ruwa ya kwaɓa ƙasar? Da yawu?" Domin rijiyar garin a gidansu take, kakanta ya haƙa. Baba ya ce ai da damina aka yi ginin. Iya ta ce to wa ya ba shi ruwan sha da rani ya zo?

Bango ɗaya ya raba gidajensu, gadonsa a wannan gefe, nata a wancan. Kullum da safe sai ta buga bangon da sanda sau uku. "Baƙo! Kana nan, ko ka koma garinku?" Shi kuma ya amsa, "Baƙuwa, mai gari yana nan daram." Ni da gidana yake bayan nasu ban taɓa sayen agogo ba.

Da malamar ta zo, musun ya daina zama wasa. Ta ce gida ɗaya za a manna wa allon tarihi, mafi tsufa a garin, kuma wanda aka manna wa ba mai ikon rushe shi. Injiniya kuwa tuni ya sauke bulo da yashi a ƙofar gida, yana jiran, kamar yadda yake cewa, "idan Baba ya huta." Ba mugun yaro ba ne. Rufin yana yoyo, ƙofar sai ka sunkuya, shi kansa ya sha goshi a jikinta sau biyu a ranar. Amma Baba yana hango bulon ta taga. Ya taɓa riƙe mini hannu ya ce, "Magini, tafiyar ba ta dame ni ba. Abin da ya dame ni, in tafi a biyo ni da gidan."

Takarda babu, shaida duk sun mutu. Sai ni mai dogon baki na ce ai abin da sauƙi. Bangon da aka fara ginawa a sarƙe yake zagaya kusurwa. Wanda aka yi daga baya kuwa jingina shi kawai ake yi, a rufe tsagar da yaɓe. A kankare kusurwa, a ga wa ya jingina da wa. Baba ya ce a kankare yanzu-yanzu, a gaban baƙuwa, ta ji kunya.

Na kankare. Wallahi da na san abin da zan gani, da na ce cokalina ya ɓata.

Tsaga ce miƙaƙƙiya daga sama har ƙasa, yatsana yana shiga. Bangon tsakiya ya wuce abinsa ya sarƙe da gidan Iya. Na Baba zuwa kawai ya yi ya dafa shi. Gidan farko na garinmu bango uku gare shi, na huɗun na maƙwabta ne.

"Me ka gani?" in ji Baba.

"Baba, ƙasa na gani."

"Da zinariya kake nema? Yi magana."

Na yi tunanin yin ƙarya, ba zan ɓoye muku ba. Amma Iya har yau ba tabarau take zura zare a allura, ta riga ta miƙo wuya ta kan kafaɗata. Na ce, "Baba, bangon nan na su Iya ne. Kakanka jingina ya yi."

Na ji tausayinsa ya kama ni har na kasa ɗaga kai. Sai na ji gado yana girgiza, na zaci ciwon ne ya tashi. Ashe dariya yake yi.

"Uku ne," ya ce, yana share hawaye. "Tun ina shekara tara na sani. Ɓera na bi da tsinke ya shige nan, na ga tsagar. Ni na shafe ta da hannuna."

Iya ta miƙe har kujerarta ta faɗi. "Ka sani? Ka sani, shekara saba'in kana ce mini baƙuwa a gaban jikokina?"

"Da na faɗa miki, da me za ki riƙa tashi yi da safe?"

Malama ta buɗe littafi ta fara rubutu. Injiniya ya dubi taga, ya dubi ubansa, ya sunkuyar da kai. Na zaci Iya za ta yi guɗa, abin da ta jira tun kafin a haife ni ya zo hannu. Sai na ga ita ma tagar take kallo, inda bulon yake jere. Ta daɗe tana kallo. Can ta juyo kaina.

"Kai, wai magini ne kai ko mai gyaran tukunya? Aiki rabi ka yi. Ina igiyar awonka? Shekara talatin rana tana leƙo ni ta saman bangon nan. Dubi rigarsa a ƙusa, ta taɓa bango?"

Na duba. Rigar Baba tana rataye, amma gindinta a iska yake lilo. Na hau kujera, na saki igiya mai ƙarfe a baki daga saman bango. Taƙi guda cur tsakanin igiyar da gindin bangon. Bangon Iya ya tsufa ya karkato, ya kwanta a kan bangayen Baba biyu. Na ce wa malama, "Ranki ya daɗe, in aka cire gidan nan, wancan ba zai ga ƙarshen damina ba."

Ta juya takardunta, ta karanta da yatsa. Doka ta ce a kiyaye gini mafi tsufa, da duk abin da yake riƙe da shi. Ta rubuta gida biyu a layi ɗaya.

Baba ya yunƙura ya tashi zaune, abin da ya yi sati bai yi ba. "Kin ji ko? Mu muke riƙe da ku."

"Aikin baƙo ke nan," in ji Iya, tana ɗaukar kujerarta. "Ya yi wa masu gida hidima."

Ni na kafa allon a goshin bangon tsakiya, daidai tsakanin ƙofofin biyu. Ni da Injiniya muka fito da Baba a kan kujera ya gani. Ya ƙura masa ido, ya ce ya karkata wajen baƙuwa da yatsa ɗaya, nawa ta ba ni? Kwana huɗu bayan nan, da hantsi, ya cika, kansa jingine da bangon. Allah ya jiƙansa. Injiniya ya yi kuka sosai, daga baya ya ce in gyara rufin, bulon kuma a kewaye awaki da shi.

Da aka watse daga zaman makoki, na shiga da sassafe in mayar da yaɓen da na kankare. An naɗe katifa, rigar tana nan a ƙusa. Ina cikin kwaɓa ƙasa sai na ji bugu daga wancan gefen, sau uku.

"Baƙo?"

Na tsaya da cokali a hannu. Ta jira, ni ma na jira. 'Yar ƙura ta zubo daga saman bango, ta sauka a kafaɗar rigar.